Shu'ibu Mai Caji da Batirin Malam Ishaku

A'a, ku dakata. Tun jiya nake ganin abin da kuke rubutawa a ƙarƙashin hoton tsohuwar rumfar cajin nan ta Haɗeja. Wai marigayi Shu'ibu Mai Caji marowaci ne, wai ko suna ake a gidan maƙwabcinsa ba ya ba da aron batir, wai ko rediyo ba a kunnawa a rumfarsa. E, ba ya bayarwa, wannan kam gaskiya ne. Amma ba rowa ba ce. Kuma rabinku da kuke ta zuba dariya ba ku ma san aikin mutumin nan ba, kun ɗauka caji shi ne ka soka waya a bango ka yi tafiyarka. To ku zauna ku ji, yadda matarsa Yelwa ta ba wa kakata.

Shu'ibu a ruga aka haife shi, can wajen Kaugama. Yana ƙarami ciwo ya share musu garke, mahaifinsa ya koma kiwon shanun mutane. Da ya tasa sai ya gudo gari ya zama yaron mota, a can ya iya taɓa wayar wutar mota, har ranar da ya faɗo daga saman kaya ƙugunsa ya goce. Daga nan ya kafa rumfa a jikin injin niƙan wani Inuwa, ya auri Yelwa mai tuyar ƙosai, ya zauna.

Lokacin ba a canja fam zuwa naira ba, ba a kuma tare kogin can sama ba. In ruwa ya zo, ya zo ke nan. Fadama ta koma teku, ƙauyuka su zama tsibiri, sai kwalekwale. Malaman makaranta da malaman gona da na asibiti da aka tura ƙauyukan nan, kowa sai ya jingine babur ɗinsa wata da watanni. Shi kuwa batir, zama ne ke kashe shi. Ka ajiye shi lafiya lau, ka dawo da kaka ka tarar da gawa. Shi ya sa da an fara yayyafi za ka ga ana ta kawo wa Shu'ibu.

Ga yadda yake yi. Ya samo dinamon wata tsohuwar mota ya haɗa shi da bel a jikin injin Inuwa. Ya ja waya biyu a kan katako, ya jera batiran, kowanne ya sa masa ɗan ƙwan fitila a tsakani don kada wutar ta shiga da ƙarfi. In ƙwan ya yi ja kamar garwashi, batir yana sha. In ya dushe har da ƙyar kake ganinsa, ya ƙoshi, sai a bar shi a haka, ɗan abin da ya fita ɗan abin da ya shiga, har damina ta wuce. Ruwan da yake ƙara musu kuwa na sama ne, wanda ya tara a tasa a tsakiyar fili, ba na indararo ba, balle na rijiya mai kanwa. Kowane batir ya yi masa alamar mai shi da fenti. Shi bai taɓa cewa caji yake ba. Kiwo yake cewa.

To a nan matsalar take. A rugar da ya tashi, in an ba ka saniya kiwo, maraƙi na mai ita ne, nono kuwa naka ne. Ba sata ba ce, ba a ma tambaya. Da wannan ya girma, kuma da zuciya ɗaya ya ɗauka haka batir yake. Tunda shi ke ciyar da su, ai wutar da suka tara yana da haƙƙi a ciki. Sai ya riƙa tatsa. In injin ya tsaya ya jona rediyo, da magariba ya kunna wa Yelwa ɗan ƙwai a wajen tuya. Kaɗan-kaɗan, babu wanda ya taɓa cutuwa.

Sai ga Fannami.

Fannami Babarbare ne mai tallar maganin ciwon baya da lasifika, kuma kun san tsakanin Barebari da Fulani. Ba ya shigowa da sallama sai da tsiya.

"Ina bawan nan nawa? Kai ɗan Fulani, an hana ka shanu ka koma kiwon gwangwani?"

"Gwangwanin nan ya fi ka daraja, mai tsagen fuska. Me ka zo roƙo?"

"Roƙo? Ubangida yana roƙon bawansa? Miƙo mini wancan baƙin, mai ƙiba. Nawa batirin ya mutu tun kafin in ce jama'a."

Wancan baƙin mai ƙiba na Malam Ishaku ne.

Malam Ishaku mutumin kudancin Zariya ne, daga wani ƙauye a wajen Kafanchan. Ranar da aka fara turo shi koyarwa, mota ta sauke shi da akwati da amaryarsa Lami, ba su san kowa ba, a zauren Shu'ibu suka kwana. Tun daga nan Shu'ibu ya zama mai masaukinsu. An kai su wani ƙauye cikin fadama, amma duk ran kasuwa a gidan suke sauka. Lami ta ajiye kayanta a ɗakin Yelwa, ta sha ruwa, ta huta. Da Sallah a kai musu nama, da Kirsimeti su aiko da shinkafa. Malam ya tara ya tara ya sayi babur, babba, irin wanda in babu batir ko ka taka shi har gobe ba zai yi tari ba. Ranar da ya kawo batirin kiwo, sabo fil, a rungume ya kawo shi.

"Maigida, ga ɗana nan. Ka kula da shi."

"Haba Malam. Ko ni ban ci ba shi zai ci."

Da farko Shu'ibu ya ɗan yi wa Fannami gardama. Amma abokin wasa ne, in ka hana shi sai ya bi kasuwa yana yi maka waƙa. Kuma a ransa, ai nono ne. Ya bayar. Lasifika kuwa ba rediyo ba ce, ba tatsa take ba, zuƙewa take. Fannami ya dawo da shi da la'asar babu ko ɗigo. Shu'ibu ya ga in ya bi ta ƙwan fitila za a daɗe bai farfaɗo ba, sai ya cire ƙwan ya ɗura masa wuta kai tsaye har ya yi zafi. Ya cika. Ya goga waya, tartsatsi ya tashi shuɗi. Ya ce ka gani, lafiyarsa ƙalau. Kasuwa ta zagayo, Fannami ya dawo. Haka aka yi ta yi har damina ta ja baya.

Ran wata kasuwa da hantsi, yana zaune, sai ga Lami da kwanonta a ka.

"Sannu da aiki, Baba. Malam ya ce hanyar tudu ta bushe, a ba ni batir."

Batirin yana can bakin 'yan kifi yana ihun maganin ciwon baya.

"To, to, madalla. Je ki gama cefanenki, matar Malam, kafin ki dawo na shirya shi."

Tana juya baya ya ɗingisa ya tafi. Fannami yana tsakiyar ciniki, ya ce sai ya gama. Suka yi ta ja, da ƙyar ya ƙwato shi, ya riga ya yi sanyi. Ya dawo ya cire ƙwai ya sakar masa wuta gaba ɗaya. Batirin ya riƙa tafasa, kana jin ƙugin ruwan a ciki, yana tofo 'yan ɗigo ta saman murfi. Ya san ya kamata ya bar shi ya huce, ya buɗe ya duba ruwa. Yana cikin wannan tunanin Lami ta dawo da gudu-gudu, idonta ja, da 'yar takarda a hannu.

"Baba, na biya gidan waya. An bugo daga gida, baban Malam ba lafiya, an ce ya zo maza. Ba ni in tafi kar kwalekwale ya tashi."

Gobe da rana jirgin ƙasa zai biyo ta Malam Madori zuwa Kano. In ya wuce, sai an jira wani. Shu'ibu ya san haka, kowa ya sani. Ya ɗauki tsumma ya jiƙa ya naɗe batirin don kar ta ji zafinsa, ya saka mata a kwano, ya taya ta ɗorawa.

"Ki gaishe shi. Allah ya ba da lafiya."

Ita ta bi ta ruwa, hanya mai yanke. Shi Malam washegari da sassafe ya ɗaura batir, aka tura shi babur ya tashi, ya bi hanyar tudu da ke zagayawa ta fita Malam Madori. Ya yi nisa, ya shiga wani yashi inda dole a rage gudu, babur ya yi shiru. Ya taka, ya taka, ya tura, babu. Ba gari gaba ba gari baya, ba mota. Ya yi ta turawa cikin rana. Yana hango hayaƙin jirgin daga nesa, yana jin kukansa, har ya ɓace.

Jirgi na gaba ya bi. Ya tarar an binne tsohon. Aka ce masa har ya cika yana tambaya ko Ishaku ya iso.

Da ya dawo, rumfar Shu'ibu ya fara zuwa, da batirin a cikin buhu. Shu'ibu ya miƙe ya yi masa gaisuwa. Malam ya zauna a kan benci, ya rame, ya ciro batirin ya kwance murafen.

"Duba nan, Maigida. Ruwan ya yi ƙasa, har ƙarfen ya fito. Ai ba haka ka ba ta ba."

Shu'ibu ya leƙa.

"Na san aikinka. Kai da ko ruwan rijiya ba ka yarda da shi. Lami ce. Ta karkata shi a kwalekwale ya zube, ta ƙi faɗa. Na ga tsumman, duk ya cinye, har ɗankwalinta ya huje. Na tambaye ta, wai ita ba ta zubar ba. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, ƙaryar. Da ta ce mini ya zube, ai da na nemi keke tun da asuba."

Wallahi a nan ne. Ba wajen ba da aron ba ne, ba wajen cire ƙwan ba ne, a nan laifin yake. Kalma ɗaya ta rage. Shu'ibu ya san ta sarai. Ya dubi mutanen da ke layin niƙa, ya dubi batiran mutane a jere a kan katako, kowanne da alamar mai shi. Ya buɗe baki ya ce:

"Sai haƙuri, Malam."

Malam ya kama hannunsa ya ce ya gode.

Daga ranar Shu'ibu ya daina tatsa. Ya cire rediyo ya tura ƙarƙashin gado, Yelwa ta koma aci-balbal. Fannami ya zo da tsiyarsa, ya ce masa babu, da wata irin murya da ta sa Babarbaren ya tsaya yana kallonsa, ya fita ba waƙa. Amma duk wannan bai taɓa Lami da komai ba. Tana zuwa ran kasuwa, ta durƙusa ta gaishe shi kamar kullum, ta wuce ciki. Shi kuwa sai ya sunkuya yana goge batirin da ya riga ya goge. Tana ramewa yana gani. In an kawo masa tuwo ran kasuwa, sai ya ce cikinsa ba daɗi.

Wata ran kasuwa da azahar Yelwa ta leƙo rumfa ta zauna a bakin benci, abin da ba ta saba ba.

"Maigida, ka san halin da yarinyar nan take ciki kuwa? Mijin ba ya cin abincinta. Magana sai ta kama dole. Yanzu ya ce in an yi hutun Kirsimeti zai kai ta gida wajen iyayenta, ta zauna can tukuna."

"Tukuna zuwa yaushe?"

"Ka taɓa jin tukuna mai rana? Ka yi masa magana mana, ai yana jin taka. A kan ruwan batir za a kashe aure?"

Ya tashi ya shiga gida. Lami tana zaune a ƙofar ɗakin Yelwa tana ɗaure kayan miya. Ya tsaya daga nesa, ya rasa ta inda zai fara.

"Matar Malam."

"Na'am, Baba."

"Batirin nan... ba ke kika zubar ba."

"Na sani, Baba."

"A'a, ba ki gane ba. Ina nufin ni ne..."

"Na gane. Ranar da ka ce in je cefane, ta wajen 'yan kifi na bi. Na gan shi a ƙarƙashin teburin mai maganin nan, da jan fentin da ka yi masa. Kuma da na ɗauka, har cikin kaina nake jin zafinsa, duk da tsumman."

Shu'ibu ya matso kusa da ita.

"To me ya hana ki faɗa masa?"

Ta ci gaba da ɗaurinta, ba ta ɗago ba.

"Na ce masa ban zubar ba. Abin da zan iya ke nan. In ce masa mai masaukinmu ne? Mu baƙi ne a nan, Baba. In na faɗa ka ce ba haka ba, wa za a yarda da shi, ni ko kai? In kuma ya yarda da ni ya zo ya yi maka rashin kunya, ran kasuwa a gidan wa za mu sauka?" Ta ja kullin da haƙori. "Na ce Baba babba ne, zai faɗa da kansa. Nake ta zuwa ina gaishe ka."

Yelwa tana tsaye a bayansa da ludayi a hannu. Duk a kunnenta aka yi.

Washegari bai buɗe rumfa ba. Ya ce wa Inuwa ya sa ido a kan bel, ya ari keke, da ƙugun nan nasa, ya kama hanyar tudu. Ya wuce ta cikin yashin nan shi ma, dole ya sauka ya tura. Ya isa ana tashin yara. Malam Ishaku yana kulle aji, ya gan shi ya washe baki, karo na farko tun rasuwar.

"A'a! Maigida da kansa? Lafiya? Lami! Kawo ruwa, ga Baba!"

"Bar ruwan, Malam. Tsaya ka ji."

Ya faɗa masa a tsaye, a gindin bishiyar makaranta. Bai rage ba. Fannami, lasifika, ƙwan da yake cirewa, tsumman da ya jiƙa. Har maganar nono ya fara, ya ji yadda take fita a bakinsa, ya bari.

Malam ya daɗe yana juya makullin aji a hannu.

"Ranar da na zo rumfarka," ya ce a hankali, "na zauna na kira matata maƙaryaciya a gabanka."

"Haka ne."

"Ka ce mini sai haƙuri."

"Na ce."

"Har na gode maka."

Shu'ibu ya sunkuyar da kai.

"Jirgin nan, Shu'ibu, da na bar wa Allah. Wataƙila ko na hau ba zan tarar da shi ba. Amma wannan..." Bai ƙarasa ba. Bai taɓa kiran sunansa haka tsirara ba sai ranar.

Lami ta fito da kwanon ruwa ta tsaya a bakin danga. Malam ya juya ya dube ta, ya daɗe, kamar mai neman inda zai sa idonsa. Sannan ya taka ya je ya karɓi kwanon daga hannunta, ya ce mata su shiga ciki. Suka shiga. Shu'ibu ya ɗan jira ko za a fito, ba a fito ba, ya juya kekensa.

Ba a kai Lami gida ba. Kirsimeti ta zo ta wuce tana ɗakinta. Amma shinkafa ba ta zo gidan Shu'ibu ba, kuma ba su ƙara sauka a can ba. Ran kasuwa sai su ajiye kaya a shagon wani tela. In sun haɗu a hanya a gaisa, Malam ya amsa a taƙaice, Lami ta ɗan rusuna, su wuce. Da damina ta zagayo Malam ya gwammace ya kai sabon batirinsa har Malam Madori. Ba a daɗe ba aka yi masa canji, suka tafi ba sallama.

Shu'ibu ya ci gaba da aikinsa har tsufa. Wuta ta zo gari, babura suka cika ko'ina, ya sayo ɗan akwatin caji daga Kano mai rage wuta da kansa in batir ya ƙoshi. Yelwa ta ce ko a ciwon ajalinsa, in an ambaci Kafanchan a wata hira daban, sai ya juya fuska bango.

Abin da ya hana ni barci ba shi ba ne, Lami ce. Kowa ya san abin da Shu'ibu ya ce, kowa ya san abin da Malam ya ce. Babu wanda ya san abin da aka ce mata a cikin ɗakin nan. An ba ta haƙuri, ko dai an ci gaba da cin tuwonta ne kawai aka wuce wajen? Yelwa ba ta sani ba, kakata ba ta sani ba. To ku 'yan fadama da Malam Ishaku ya koyar, ku mutanen Kafanchan da ke nan kuna karantawa kuna wucewa, wani a cikinku ya san 'ya'yanta ko jikokinta. Ku tambayo mana. Kada ku danna mini alamar kuka ku gudu, ku buɗe baki ku yi magana.